An canza maka bawul ɗin zuciya, an sallamo ka gida: to sai me?

Ranar da aka sallamo mutum bayan aikin bawul ɗin zuciya 'yan'uwa gani suke an gama, a yi sadaka a ce barka da arziki. Barkar gaskiya ce, amma aikin likita ne ya ƙare, naka kai mai ƙirjin ranar yake farawa. Kuma abin da na fi gani yana mayar da mutane gadon asibiti shi ne sakaci da maganin tsinka jini, sai shawarar masu ƙaunarka waɗanda ba su san abin da aka sa maka a ƙirji ba. Ko nan Yamai aka yi maka aikin, ko Tunisiya aka kai ka ko Maroko ko Indiya, in ka dawo gida dokar ɗaya ce. Abin da kardiyolog ɗinka, wato likitan zuciyarka, ya faɗa shi ne gaba da duk abin da zan rubuta, wannan don ka fahimci dalilin maganarsa ne.

Da farko, ka san abin da aka sa maka

Zuciya bawul huɗu gare ta, su ne ƙofofin da ke barin jini ya wuce gaba kar ya dawo baya. Biyu aka fi canzawa, mitral da awortik. A ƙasarmu yawanci asalin lalacewar ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi magani ba, ya koma rumatis ya cinye bawul a hankali, shi ya sa za ka ga ɗan shekara 20 ko 30 da tabon aiki a ƙirji.

Bawul ɗin da ake sawa iri biyu ne. Akwai wanda muke ce ma na ƙarfe, wanda ba ya saurin lalacewa, yana iya kai mutum ƙarshen rayuwa, amma jini na son daskarewa a kansa, saboda haka maganin tsinka jini ya zama naka har abada. Akwai kuma na nama, da ake yi da fatar zuciyar saniya ko bawul ɗin alade da aka sarrafa, shi sau da yawa maganin jinin na 'yan watanni ne, galibi 3, sai dai in kana da wata matsalar bugun zuciya, amma yana tsufa, wajen shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matashi ya fi saurin gajiya. Wanda maganar alade ta tsaya masa a rai ya tambayi likitansa wane iri ne nasa, ya zauna da malami mai sani su yi maganar lalura, ya fi ya yi ta cin rai shi kaɗai.

Takardar bayanin aikin da katin bawul, ka ɗauki hotonsu a waya, ka yi kwafi ka ba matarka ko ƙaninka. In a waje aka yi kuma takardun da Turancin Ingila suke ko Turkanci, a sa a fassara su da Faransanci tun yanzu, ba sai ranar da aka kwashe ka cikin dare ba.

Sati 6 zuwa 8 na farko: ƙashin ƙirji

An raba ƙashin tsakiyar ƙirjinka ne aka ɗaure da waya, kuma ƙashi ba ya jin lallashi, sai ya ɗauki lokacinsa, sati 6 zuwa 8, wani ma har wata 3. A wannan tsakanin kar ka ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Bido na lita 20 kilo 20 ne, ka ga ba maganarsa. Ba daka, ba jan guga, ba tura moto, ba ɗaukar jariri a cilla sama. Mata ku yi haƙuri da goyo da wankin hannu mai yawa, a nemi mai taimako ko da surutun dangi zai biyo baya.

Kwanciya a katifa a ƙasa ko tabarma tana wahalarwa saboda wajen tashi sai ka dogara da hannu. In da hali a samo gado, in za ka tashi ka mirgina gefe, ka sauke ƙafafu, sannan ka miƙe. Tari ko atishawa, rungume matashi a ƙirji, kuma kar ka danne tarin don tsoron zafi, majinar da ta kwanta a huhu ita ce ke kawo ciwo. Salla ka yi ta a zaune kan kujera har likita ya ce ƙashi ya kama, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙin.

Wurin ɗinki: ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane da tawul mai tsabta ba gurzawa. Kar a shafa man kaɗe, zuma, toka ko wani garin magani komai wanda ya kawo shi. Da zafin Yamai gumi na zama a wurin, sai a sa riga mai shan iska a dinga canzawa. In wurin ya yi ja ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko kana jin ƙashin na motsi in ka juya, koma asibiti ranar. Tuƙi a bari sai bayan sati 4 zuwa 6 da izinin likita, kabu-kabu kuwa a hanyoyin unguwa masu ramuka, gara ka biya takasi ka zauna baya.

Maganin jini, nan ne gaba ɗaya maganar take

In naka na ƙarfe ne, karanta nan sau biyu. Za a rubuta maka Sintrom ko Coumadine, wasu kuma suna kan Préviscan. Aikinsu su hana jini daskarewa a kan bawul. In maganin ya yi kaɗan gudan jini zai iya toshe bawul ɗin ko ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye rabin jiki, in ya yi yawa kuma jini ya ɓalle. Ba ka iya gane inda kake da yadda kake jin jikinka, sai da analis ɗin jini da ake ce ma INR. Mutumin da ba ya shan maganin INR ɗinsa wajen 1 yake. Mai bawul awortik na ƙarfe galibi ana son nasa tsakanin 2 da 3, mai mitral 2,5 zuwa 3,5, amma lambarka likitanka ne zai ba ka, ka haddace ta.

Sha maganin lokaci guda kullum, an fi so da dare, don in an yi analis da safe sakamako ya fito a iya gyara adadin a ranar. Ka haɗa shi da abin da ba ka mantawa, misali bayan isha'i, ka sa ƙararrawa a waya. In ka manta kuma ka tuna cikin awa 8, sha. In ya wuce haka bar shi, gobe ka sha na gobe yadda aka saba, kar ka taɓa ninkawa, sai ka rubuta ka gaya wa likita. Sintrom mai 4 mg ana raba shi huɗu, to in an ce kwata uku, kwata uku ne, ba "kusan guda" ba.

Ka sayi ɗan karne ka dinga rubuta kwanan wata, INR, da adadin da aka ce ka sha. Farko-farko analis ɗin yana yawa, wani lokaci sau biyu a sati, in ya daidaita a koma aƙalla sau ɗaya a wata. Na san kuɗi ne, kuma na san wata uku na sakamako mai kyau na sa mutum ya ce ai na gane jikina, to daga nan ake faɗuwa. In za ka iya ka tsaya a labo ɗaya, sakamakon ya fi bin juna. Mutumin Tawa ko na ƙauyen Adar, kafin ka kama hanyar da ta fi kilomita 500 ka koma gida, ka tabbatar da inda za a dinga yi maka INR a can da lambar da za ka tura wa sakamakon ta WhatsApp, kuma kar ka bari kwalinka ya ƙare kafin ka sayi wani, ka zauna da na wata guda a ajiye don farmasi na iya cewa babu. In wani ya ce maka akwai sabon magani irin Xarelto da ba ya buƙatar analis, gaskiya ne akwai, amma ba na mai bawul ɗin ƙarfe ba ne, kar ka canza.

Yanzu abokan gabar maganin. Aspirin, ibuprofen, diklofenak, duk waɗannan na ciwon jiki da masu talla ke yawo da su a tire, suna iya sa jini ya ɓalle a ciki, in ba likitan zuciyarka ne ya rubuta ba kar ka taɓa. Ciwon kai, parasetamol, shi ma ba a yi ta sha kwana da kwanaki ba a faɗa ba. Antibiyotik irin Flagyl da Bactrim suna harba INR sama, rifamfisin na maganin tarin fuka yana sauke shi ƙasa. Saboda haka duk wanda zai rubuta maka ordonas, ko anfirme ne a ƙaramin asibitin unguwa, kalmarka ta farko: ina shan Sintrom, ina da bawul. Allurar ɗuwawu a guje ta, tana tara jini a tsoka. Ƙaho, tsaga, cire beli, cire haƙori wajen wanzami, ka yi musu sallama.

Sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Nan ne rigimar gida take, don wadda za ta kawo maka galan ɗin magani gwaggonka ce ko surukarka, da kuɗinta ta saya, da zuciya ɗaya. Ba wanda ya san me ke cikin galan ɗin balle yadda zai yi da INR. Karɓa da hannu biyu, ka ce Allah ya saka da alheri Gwaggo, likita ya ce in dakata tukuna, ka ajiye. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta karo da kowane magani.

Abinci

Za ka ji ana cewa mai shan Sintrom ba ya cin ganye. Ba haka ba ne. Ganye irin zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabeji da salati suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin, amma matsalar tana wajen sauyi ne kwatsam. Wanda ya saba cin kopto da dambu sau biyu a sati ya ci gaba a haka, a daidaita masa magani a kan haka. Wanda bai ci ba wata guda sannan damina ta zo ya kwana biyar yana cika kwano, shi ne INR ɗinsa zai faɗi. Garin zogale da ake sha cokali-cokali a matsayin magani dai a bar shi.

Gishiri a rage, musamman in ƙafa na kumbura ko ana ba ka Lasilix, maganin fitar da ruwa daga jiki. Kuma gishiri ba na cikin leda kaɗai ba, dunƙulen magi uku a tukunya ɗaya gishiri ne, kilishi gishiri ne, sardin na gwangwani ma haka. Watan farko abinci ba ya daɗi a baki, ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, wake, ƙwai, kifi, nono, don rauni da abinci yake warkewa. Taba da shisha kuwa babu zancen ragewa, bari ake yi.

Haƙori da zazzaɓi

Mutane na mamaki me ya haɗa haƙori da zuciya. Ƙwayoyin cuta na baki in suka shiga jini sun fi son maƙalewa a bawul ɗin da aka sa, su haddasa ciwon da likitoci ke kira andokardit, wanda kan kai ga sake buɗe ƙirji. Goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, asuwaki ma a hankali kar a fasa dasashi, ka ga likitan haƙori ko ba ciwo, sau biyu a shekara in da hali. Kafin a cire ko a kankare haƙori ana ba da antibiyotik, galibi amoksisilin giram 2 minti 30 zuwa awa 1 kafin aikin, likita ne zai rubuta, kuma kar ka dakatar da maganin jini da kanka don za a cire haƙori.

Mu nan duk zazzaɓi palu ne. Kai yanzu ba haka ba. Ka sayi abin awon zafin jiki, in ya kai 38 je a yi gwajin palu, in babu ko an yi magani zazzaɓin bai tafi ba, sai wajen likitan zuciya, kuma kar ka sha antibiyotik kafin a ɗebi jini don yana ɓoye ƙwayar cutar a kasa gano ta. Sange kullum. Wanda rumatis ne ya ci bawul ɗinsa ya tambaya ko zai ci gaba da penisilin na kariya, da wane iri.

Tafiya

Kwanciya ba ta warkar da zuciya. Fara da minti 5 a tsakar gida sau biyu ko uku a yini, ka dinga ƙara kaɗan duk 'yan kwanaki har ka kai minti 30. Ma'aunin mai sauƙi ne, in kana tafe kana iya hira to daidai, in magana ta gagara tsaya. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. Wata rana za ka ji kamar ka je Katako a ƙafa, washegari ko wanka ya gajiyar da kai, haka abin yake tafiya. Ka hau sikeli kowace safiya, in ka ƙara kilo 2 cikin kwana biyu ko uku ruwa ne ke taruwa, kira likita.

Abin da ba a faɗa: rai

Namiji mai iyali ya zauna kawai hawaye ya zubo masa ba dalili, ko ya yi ta faɗa da matarsa kan ƙaramin abu, ko ya kasa barci yana lissafin bashin da aka ci don aikinsa da filin da aka sayar. Wannan yana faruwa da mutane da yawa bayan aikin zuciya, har da mantuwa da rashin tattara hankali na 'yan makonni, kuma ba raunin imani ba ne. Wanda ya ce maka "kai da Allah ya tashi kafaɗunka me za ka yi wa kuka" bai kwana a reyanimasiyo da tiyo a maƙogwaro ba. Godiya ga Allah da jin tsoro suna iya zama a ƙirji ɗaya.

Sai ƙarar. Bawul ɗin ƙarfe yana yin kyas-kyas kamar agogon hannu, da rana ba ka ji, dare na yi an ɗauke wuta gari ya yi tsit sai ka ji shi har cikin kunne, ka fara ƙirgawa, ka ce in ya tsaya fa. Kunna fanka ko rediyo ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, ka canza gefen kwanciya. Da yawa bayan watanni kunnensu ya saba har sai wani ya tuna musu. Yara su kan mayar da shi abin wasa, su kara kunne, ka bar su, yana rage musu tsoro kai ma ya rage maka.

Abin da ke taimakawa ba wani abu ne mai tsada ba. Tashi ka yi wanka ka sa tufafi ko ba inda za ka. Zaɓi mutum ɗaya da za ka iya gaya wa gaskiya, ba "da sauƙi alhamdulillahi" kawai ba. In a wajen randebu ka haɗu da wanda aka yi wa aikin shekarun baya, karɓi lambarsa, hirar minti goma da shi ta fi nasihar mutum ashirin. Koma fada ka zauna ko rabin awa ne, nesa da hayaƙin taba. Amma in baƙin cikin ya wuce sati 2 kullum, ba ci ba barci, ba abin da ke maka daɗi, ko ka fara jin gara ma a ce ba ka tashi ba, gaya wa likita kai tsaye, akwai likitocin da ke kula da irin wannan damuwar kuma akwai magani. Kar ka saya wa kanka ƙwayar barci.

Masu jinya, ku ma ga naku. 'Yan dubiya lada suke nema, amma ɗaki cike daga safe har dare, wani na tari, wata na ba da labarin wanda aka yi wa irin aikin ya rasu, wannan ba dubiya ba ce. A samu babba a gida, Baba ko Yaya, ya tsaya ya ce bayan la'asar ake ganinsa, a gaisa a yi addu'a a tafi. Kuma kar ku mayar da shi ƙwai, komai a ce kar ka taɓa, wata shida ana kai masa buta. Wannan na karya mutum fiye da ciwon. Abin da likita ya halatta masa ku bar shi ya yi.

Maganar shimfiɗa, tunda kowa na jin nauyin tambaya: galibi bayan sati 4 zuwa 6, in kana iya hawa bene hawa biyu ba haki, a bi a hankali ba tare da nauyi ya hau ƙirji ba. Maganin ƙarfin maza na kasuwa, a'a.

'Yar'uwa, wannan naki ne

Maganin jini na iya sa al'ada ta yi yawa, in kina jiri ko ta wuce yadda kika saba ki faɗa a duba jininki. Ciki kuma ba a hana ki ba, amma shiri yake so, don waɗannan magungunan na iya cutar da ɗan tayi musamman tsakanin sati na 6 da na 12, likitoci kan canza zuwa allurar heparin, wani maganin tsinka jinin, ko su sake tsari. Ki zauna da likitan zuciya da na mata tare da maigida kafin a nema, kuma in kin ga ɓatan wata ki je a satin, kar ki daina maganin da kanki don tsoron jariri, nan ne bawul ke toshewa. Mai shan Préviscan ba ta shayarwa da shi, sai an canza mata. Matsin dangin miji a kan haihuwa, maigida ne ya kamata ya tare shi.

Azumi da zafi

Ka tambayi likita tun Sha'aban. Wanda bai daɗe da aiki ba, ko INR ɗinsa na hawa da sauka, ko yana shan Lasilix, sau da yawa ce masa ake ya sha ya rama daga baya. Wanda aka bari ya yi, ya tsayar da lokacin magani ɗaya bayan buɗa-baki, ya yi INR a cikin watan don cin abinci ya canza. A Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, gudawa ko amai na kwana biyu ma sun isa su birkita INR, a je a auna.

Alamun da ba a jira gari ya waye

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ido ɗaya ya daina gani ko da na minti biyar ne ya dawo. Numfashi ya ƙare kana zaune ko ba ka iya kwanciya sai a jingine. Ƙarar bawul ta dusashe ko ta canza. Suma, ko bugun zuciya da sauri ba tsari. Haɓo da ya wuce minti 10 ana matsewa, fitsari ja, kashi baƙi kamar kwalta, aman jini, ciwon kai mai tsanani da ba ka taɓa ji ba. Faɗuwa a moto ka bugi kai, ko ba jini a waje, don yana iya zuba a ciki, shi ya sa kaski ya zama dole a kanka. Duk ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi irjans na babban asibiti, Hôpital National ko Hôpital Général de Référence in a Yamai kake, CHR, babban asibitin jiha, in a Tawa, da karne da katin bawul a hannu. Tun yau a san maƙwabcin da ke da mota kuma yake ɗaga waya da dare.

Randebu na kardiyolog kuma ba a fasa shi don jiki ya yi daɗi. Ana yin eko, wato hoton zuciya, bayan aiki don a samu abin da za a dinga kwatantawa da shi, daga nan ganin likita aƙalla sau ɗaya a shekara, mai bawul na nama ya fi buƙatar sa ido in shekaru suka fara nisa don a ga gajiyarsa tun bai kai ga kumburin ƙafa ba. Ka rubuta tambayoyinka a bayan karne kafin ka shiga, don layi na da tsawo kuma minti kaɗan za ka samu a gabansa.